Yaron Bakin Kogi Ya Koyi Iyo, Ya Koyi Tuƙi

Yara, in kun duba taswirar Afirka, ku sa yatsa a kan tafkin Cadi, ku bi gabas. Bayan ƙasar Cadi za ku shiga Sudan. Can tsakiyar Sudan akwai wani birni da ake kira Wad Madani. Shi ne babban birnin jihar Jazira. Yana zaune a bakin wani babban kogi mai suna Shuɗin Nilu. Kogin ya taso daga tafkin Tana, cikin duwatsun Habasha. Ya ratsa Sinnar, ya ratsa Wad Madani, ya tafi Hartum. A Hartum ne ya gamu da ɗan'uwansa Farin Nilu, suka zama kogi guda, suka nufi Masar.

A garuruwan bakin wannan kogi akwai Hausawa da yawa. Kakanninsu sun baro ƙasar Hausa a ƙasa, wasu bisa jakai, da niyyar zuwa Makka. Wasu sun yi hijira ne bayan yaƙin Burmi, inda Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a shekara ta 1903. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja jama'a zuwa gabas. Suka kafa gari kusa da Sinnar, ana kiransa Mai Wurno har yau. Da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, aka buɗe manyan gonakin auduga na Jazira. Alhazai masu wucewa suka tsaya neman guzuri. Da yawansu suka zauna ke nan. Wasu suka yi noma, wasu kasuwanci, wasu kuma suka kama sanaʼar da suka gada tun daga gida, watau su.

Ga ra'ayina a kan yaran waɗannan garuruwa, da duk wani yaro da yake zaune kusa da ruwa, ko a Wad Madani ne, ko a Gaya, ko a Yawuri, ko a bakin tafkin Cadi. Ya kamata ya iya iyo tun yana ƙarami. Ya kamata kuma ya san yadda ake tafiyar da ƙaramin jirgi ba tare da inji ba, da sanda, da matuƙi, da iska. Wannan ilimi ne kamar lissafi da karatu. Bai kamata a bar shi ya mutu tare da tsofaffi ba.

Bari mu fara da jirgin kansa. Masassaƙan Sudan sun daɗe suna yin jiragen ruwa da itacen bagaruwa. Su suna kiran itacen sunut. Yana fitowa a bakin kogi, inda ruwa yake kwanciya in an yi ambaliya. Itace ne mai tauri, ba ya saurin ruɓewa cikin ruwa. Akan tsaga shi, a jera katakon, a buga da manyan ƙusoshi, a toshe kafofin da tsumma. A tsakiyar jirgin akan kafa dogon itace. A jikinsa akan ɗaura wani babban ƙyalle. Wannan ƙyalle shi ne filafili. Larabawa suna ce masa shira'i. Shi ne yake kama iska, iska ta tura jirgi.

To, akwai wani abin ban sha'awa game da wannan kogi. Ruwansa yana gangarawa ne daga kudu zuwa arewa. Iskar hunturu kuwa, wadda kuka sani, wadda take fasa muku leɓe da ƙafa, daga arewa take busowa. Kun ga ke nan ruwa da iska sun saɓa hanya. Mai jirgi da yake so ya haura kogi zuwa kudu, sai ya buɗe filafili, iska ta kai shi. In zai komo, sai ya naɗe filafili, ruwa ya maido shi. Zuwa kyauta, komowa kyauta. Mutanen Masar na dā sun gane wannan dabara tun shekaru dubbai da suka wuce. Da ita suka yi ta jigilar hatsi da duwatsun gini a kogin Nilu.

Wani yaro zai tambaya: in iska ba ta busowa daga baya fa? Tambaya ce mai kyau, kuma a nan ne gwaninta take. In iska ta zo daga gefe, mai jirgi yakan karkata filafili. Iskar ta bi jikin ƙyallen, ta kumbura shi, ta ja jirgin gaba. Amma tana kuma so ta ture shi gefe. Saboda haka ne ƙananan jiragen koyo suke da wani faffaɗan katako da ake zurawa cikin ruwa ta ƙarƙashinsu. Katakon yana dafe ruwa, ya hana jirgin zamewa gefe. In kuwa iska ta zo daga gaba sosai, ba jirgin da zai iya fuskantarta kai tsaye. Sai dai a yi mata wayo. A karkata dama a yi tafiya, a juyo hagu a yi tafiya, a sake komawa dama. Kamar yadda jaki mai kaya yake hawan tudu, ba ya miƙewa, sai ya riƙa kwana. Ana daɗewa, amma ana isa.

Kuna iya gwada wannan a gida. Ku sami ɓawon kabewa ko sakaina. Ku kafa tsinke a tsakiya da ɗan yumɓu. Ku soka takarda a jikin tsinken. Ku sa cikin daro mai ruwa, ku hura daga baya, sannan ku hura daga gefe. Ku juya takardar kaɗan, ku sake hurawa. Ku lura da inda jirginku yake nufa kowane lokaci.

Yanzu inji ya zo. Ana ɗaura shi a bayan jirgi, a ja igiya, ya tashi da ƙara. Ni ban ƙi inji ba. In mace tana naƙuda a hayin kogi, ko maciji ya sari yaro, ba wanda zai tsaya jiran iska. Masunci mai inji yakan kai kifinsa kasuwa kafin rana ta ɓata shi. Wanda ya ce a jefar da inji bai taɓa tuƙa jirgi da hannu a tsakiyar rana ba.

Abin da nake tsoro shi ne mutum ya san jan igiyar inji kaɗai. Inji yana shan mai, mai kuwa kuɗi ne. Kuma akwai ranar da ko da kuɗinka ba ka samu. A watan Afrilu na 2023 yaƙi ya ɓarke a Sudan. A watan Disamba na wannan shekara ya iso Wad Madani, mutane dubbai suka bar gidajensu. Sai a watan Janairu na 2025 sojojin gwamnati suka sake karɓar birnin. A cikin wannan wahala mai ya yi ƙaranci, ya yi tsada. Iska kuwa ba a rufe mata hanya, ba a sayar da ita a kwalba.

Inji kuma yana mutuwa, ba ya sallama. A watan Agusta na 2018, a jihar Nahar an-Nil da ke arewacin Sudan, wani jirgi ya ɗauko yara zuwa makaranta da safe. Lokacin cikar kogi ne, ruwa yana da ƙarfi. Inji ya tsaya a tsakiyar ruwa. Jirgin ya kife. Yara 22 suka rasu, da wata mace guda. Allah ya jiƙansu. Ƴan makaranta ne kamarku, da littattafansu a hannu. Ba na cewa filafili ne zai cece su. Abin da nake cewa shi ne, duk jirgin da zai ɗauki mutane ya kamata ya kasance da matuƙi da sanda a ciki, da wanda ya iya aiki da su. Kada a yi masa lodin da ya fi ƙarfinsa. Kowane yaro a sa masa rigar ceto, wadda take hana mutum nutsewa. Kuma yaran su iya iyo. Hausawa sun ce wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa zai kama. Gara ya koyi abin da zai yi tun yana kan tudu.

Wannan ba matsalar Sudan kaɗai ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutane wajen 300,000 ne suka mutu ta hanyar nutsewa a ruwa cikin shekara ta 2021. Da yawa daga cikinsu yara ne. Don haka Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe ranar 25 ga Yuli ta kowace shekara domin tunatar da mutane game da wannan haɗari.

Akwai masu cewa tuƙin jirgi aikin manya ne, yaro ba zai iya ba. Ku ji wannan. A shekara ta 1947, a jihar Fulorida ta Amurka, wani mai ƙera jirage, Clark Mills, ya yi wani ɗan jirgi domin yara. Ya yi shi da katako mai arha, yadda uba zai iya haɗa shi a gida. Tsawonsa mita 2 da ɗan ƙari. Gabansa ba tsini, kamar akwati yake. Filafilinsa ɗaya. Ana kiransa Optimist. Yaro ɗaya ne yake shiga, shi ne matuƙi, shi ne kowa. Yau yara a ƙasashe fiye da 100 suna koyon tuƙi a cikinsa, har ana gasa ta duniya ga waɗanda ba su wuce shekara 15 ba. Abu na farko da ake koya musu shi ne kifewa. Malami yakan sa a kifar da jirgin da gangan a wuri marar zurfi. Yaro ya koyi riƙe jirgin, ya juyo da shi, ya kwashe ruwan, ya hau. Wanda ya saba da haka ba ya ruɗewa ranar da abin ya zo da gaske.

Ko a Sudan ma abin ba baƙo ba ne. A 1926 aka kafa ƙungiyar masu tuƙa jiragen filafili a Hartum, a bakin Shuɗin Nilu. Ofishinta ya kasance cikin wani tsohon jirgin yaƙi na Turawan Ingila mai suna Melik. Sai dai wasan na ma'aikata ne da masu hali. Ɗan masunci a ƙauye bai san ana yi ba. Alhali shi ne ya fi kowa bukata, kuma kakansa ya fi ƴan ƙungiyar sanin halin kogin.

Ƙaramin jirgi ba a kogi kaɗai yake aiki ba. Ku tuna da alhazan da muka bari a gonakin Jazira. Waɗanda suka tara guzuri sukan ci gaba zuwa gabas, har su kai bakin Bahar Maliya, a tsohon garin Sawakin. A nan ƙasa ta ƙare. Da yawansu jiragen katako masu filafili ne suka ƙetare da su zuwa Jidda. Ana kiran irin wannan jirgi sambuk. Mutumin da bai taɓa ganin ruwan da ya fi gulbin garinsu ba, sai ga shi kwana da kwanaki a kan teku, ba ya ganin tudu. Iska ce ta kai kakanninmu aikin hajji.

A wannan gaɓa ta Bahar Maliya, kilomita 125 arewa da Fot Sudan, akwai wani lungun teku da ake kira Dunganab. Lungun teku wuri ne da ruwan teku ya kutsa cikin ƙasa, tudu ya kusa kewaye shi, igiyar ruwa ba ta da ƙarfi a ciki. Dabbobin teku suna son irin wannan wuri. A Dunganab akwai kunkurun teku. Akwai dolfin, mai tsalle yana bin jirgi. Akwai wata dabba mai cin ciyawar ƙarƙashin ruwa, ƴar'uwar ayun da masuntanmu suka sani a kogin Kwara da Binuwai. Akwai kuma kifin da ya fi kowane kifi girma a duniya, mai ɗigo-ɗigon fari a jiki. Duk girmansa ba ya cin mutum, ƙananan halittun ruwa yake tacewa. A 2016 hukumar UNESCO ta sa Dunganab da murjanin Sanganeb cikin wuraren tarihi na duniya da ya wajaba a kiyaye.

A wasu lungunan teku kuma, abin da ake zuwa kallo ya fi wannan girma. Kun san labarin Annabi Yunusa da babbar dabbar teku da ta haɗiye shi. Larabawa suna kiran irinta al-hut. Da Faransanci sunanta baleine, mu kira ta balen. Mutane suna ce mata kifi, amma ba kifi ba ce. Tana numfashi da huhu kamarmu. Hancinta a bisa kanta yake. In ta taso ta fitar da numfashi, sai ka ga kamar hayaƙi ya tashi sama. Ba ta yin ƙwai. Haihuwa take yi, ta shayar da ɗanta nono kamar saniya. Mafi girma a cikinsu, shuɗiyar balen, takan kai mita 30. Ku auna mita 30 a filin makarantarku, ku tsaya ɗaya a kowane gefe, ku gani. Ba a taɓa sanin wata dabba da ta fi ta nauyi ba.

Akwai wata iri mai doro. Takan yi kiwo a ruwan sanyi na can kudancin duniya. In lokacin haihuwa ya zo, sai ta yi tafiyar dubban kilomita zuwa ruwa mai ɗumi. Daga wajen watan Yuli zuwa Oktoba akan gan ta a gaɓar Gabon, har da ta Binin da Togo. Direbobinmu masu zuwa Kwatano ɗaukar kaya wataƙila ba su san tana nan kusa da su ba. A Afirka ta Kudu kuma akwai garin Hermanus, inda balen take matsowa har mutum ya gan ta daga kan duwatsun gaɓa. Garin yana da mai shela na musamman. Aikinsa ya busa ƙaho in ya hango balen, baƙi su taru.

A dā mutane sun yi ta farautar balen domin kitsenta, har wasu irin suka kusa ƙarewa. Daga 1986 aka dakatar da farautarta don kasuwanci, ko da yake wasu ƙasashe kaɗan ba su daina ba. Garuruwa da yawa sun gane cewa mai rai ta fi matacciya amfani. In ka kashe ta, sau ɗaya ka ci. In ka bar ta, kowace shekara baƙi suna zuwa, mai jirgi ya samu, mai abinci ta samu, mai masauki ya samu.

Me ya haɗa wannan da ƙaramin jirginmu? Ƙara ce. A ƙarƙashin teku ido ba ya gani da nisa. Balen da dolfin da kunne suke rayuwa. Da murya suke kiran juna, da ita uwa take gane ɗanta. Sauti kuwa ya fi gudu cikin ruwa fiye da cikin iska, har ya ninka sau huɗu, kuma yana zuwa nesa. Ƙarar inji tana rufe muryarsu, kamar a kunna injin niƙa a cikin ajinku malam yana magana. Farfelar inji ma takan yanke su. Jirgin filafili shiru yake tafiya, ba ya zubar da mai a ruwa. Duk da haka shi ma ba a yarda ya matsa musu ba. A Afirka ta Kudu doka ta hana kowane jirgi kusantar balen fiye da mita 300, sai da izini. Masuncin kogi ya san wannan tun ba a rubuta ba. In yana so ya jefa birgi, kashe inji yake yi, ya lallaɓa da matuƙi, don kada karfasa da giwan ruwa su watse.

Yanzu ga iyaye. Na san abin da yake ransu. Uwa takan ce wa ɗanta kada ya je kogi, ruwa ba shi da reshe. Gaskiyarta. Shuɗin Nilu ba abin wasa ba ne. Daga Yuli zuwa Satumba yakan cika, ya yi ja da laka, ya zo da itatuwa. A wannan lokaci ko babba yana shakkarsa. Akwai kuma tsargiya. Ƙwayar cutar tana rayuwa ne a jikin ƙananan dodon-koɗi na ruwa mai kwanciya. Magudanan ban-ruwa na gonakin Jazira sun daɗe da wannan cuta. Yaron da ya yi wanka a ciki yana iya fara fitsarin jini. Wanda ya ga haka ya faɗa wa iyayensa, a kai shi asibiti, akwai magani.

Amma hani kaɗai bai taɓa tsare yaro ba. Ana hana shi da safe, da rana ya bi abokansa a ɓoye. A ɓoyen nan ne ake mutuwa, domin ba babba a kusa. Gara a kai shi a fili, a wurin da aka zaɓa, marar zurfi, lokacin da ruwa ya janye, tare da wanda ya iya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Kada kuma a bar ƴan mata a baya. Su ne suke zuwa wanki da ɗiban ruwa. Su ma suna shiga jirgi zuwa makaranta da kasuwa da biki. In jirgi ya kife, ruwa ba ya tambaya wace ce mace. Ana iya ware musu rana da wuri, manyan mata su koya musu, cikin sutura da mutunci.

Malaman da za su koyar suna nan, ba sai an ɗauko daga nesa ba. A ƙasar Hausa muna da Sarkawa da Sarkin Ruwa. A Argungu, ban da kamun kifi, ana gasar iyo da tseren kwalekwale a lokacin biki. A garuruwan Shuɗin Nilu ma akwai tsofaffin masunta. Su ne suka san inda ruwa yake juyawa, da inda yashi yake zaftarewa, da alamar hadari tun kafin ya taso. Shugaban makaranta ya je ya gaida irin wannan dattijo, ya roƙe shi yini ɗaya a mako cikin rani. Iyaye su haɗa kuɗi a sayi rigunan ceto ko da goma ne, a riƙa karɓa-karɓa. Kafinta ya haɗa ɗan jirgi guda. Tela ya ɗinka filafili da yadi mai ƙarfi.

Ku kuma, yara, ga naku aikin kafin wannan rana ta zo. Ku je wurin kakanku ko wani tsohon masunci a unguwarku. Ku durƙusa ku gaishe shi. Ku ce, “Baba, wace iska ce take kai jirgi hayi, wace ce take kifar da shi?” Ku tambaye shi sunan kowane ɓangare na jirgi da Hausa. Ku rubuta a littafinku, ku kawo aji ranar Litinin.